Otfrid Foerster, likitan da ya nemi sassauta sandararren hannu ta hanyar yanka jijiya

A ranar 15 ga watan Yunin 1941 ne Otfrid Foerster ya rasu a birnin Breslau, yana da shekaru 67 a duniya.

Masu bin tarihin siyasa sun san shi ne a matsayin Bajamushen likitan da ya yi jinyar Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, har zuwa ranar mutuwarsa. A wurin likitoci kuwa, sunansa na tafiya ne da wani aikin fiɗa da ya ɓullo da shi a 1908, domin sassauta gaɓoɓin da suka sandare bayan ƙwaƙwalwa ko laka ta sami lahani.

Irin hannun da ya shafe rayuwarsa yana nazari a kai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya saba shiga kasuwannin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da wuya a ce bai taɓa ganinsa ba: gwiwar hannu a lanƙwashe manne da ƙirji, wuyan hannu ya karyo ƙasa, yatsu a dunƙule, babban yatsa ya shige cikin tafi. In aka yi ƙoƙarin miƙar da shi sai ya ƙara turjewa.

A jikin manya, galibi hakan kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke kan gaba wajen haddasa ta. A jikin yara kuma yakan samo asali daga doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Jama'a kan haɗa shi da shan inna, amma ba ɗaya ba ne. Shan inna kan bar gaɓa a sake, ta motse, ba ƙarfi. Wannan kuwa ƙarfi ne ya yi yawa, sai dai mai hannun ba shi da iko da shi.

Ƙuruciya da neman ilimi

An haifi Foerster ne ranar 9 ga watan Nuwamban 1873 a Breslau, wanda a lokacin ke cikin Jamus, yanzu kuma yake ƙasar Poland da sunan Wroclaw. Mahaifinsa, Richard Foerster, shehun malami ne a fannin tsofaffin harsunan Girka da Latin.

Ya karanta aikin likita a jami'o'in Freiburg da Kiel da Breslau, ya kuma sami digirinsa a 1897.

Babban malaminsa shi ne Carl Wernicke, wanda har gobe ake kiran wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da fahimtar magana da sunansa. Shi ya ba shi shawarar fita waje ƙaro ilimi, inda ya je birnin Paris wurin Jules Dejerine, ya kuma halarci darussan Pierre Marie da Joseph Babinski.

To amma tafiyar da ta fi tasiri a kan tunaninsa ita ce wadda ya yi zuwa wani ƙaramin gari mai suna Heiden a ƙasar Suwizalan. A can wani likita, Heinrich Frenkel, ke koya wa mutanen da cutar tunjere ta lalata wa laka yadda za su sake tafiya, ta hanyar maimaita motsi ɗaya sau da yawa suna kallon ƙafafunsu.

A wancan zamani likitan ƙwaƙwalwa gwanin gano cuta ne kawai. Yakan faɗi sunan ciwon da wurin da ya kama, sannan ya sallami majinyaci ba tare da wani abin kirki a hannu ba. Abin da Foerster ya gani a Heiden ya sa ya koma gida da ra'ayin cewa aikin likita bai ƙare ba sai ya yi wani abu da zai sauya rayuwar wanda ya zo wurinsa.

Ina ciwon yake?

Kafin a fahimci abin da ya yi, sai an warware wata matsala ta harshe. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Wannan ta ukun ake nufi a nan.

Laka, wadda ke kwance cikin ƙashin baya, tana fitar da irin waɗannan jijiyoyi guda 31 a kowane ɓangare, dama da hagu. Kowacce tana da saiwa biyu. Ta gaba ita ke ɗaukar umarnin motsi zuwa tsoka, ta baya kuma ita ke dawo da labarin abin da fata da tsoka suka ji.

Idan aka ja tsoka, labari kan bi saiwar baya ya isa laka, nan take laka ta mayar da umarni ta saiwar gaba cewa tsokar ta tsuke. Wannan ne ke sa ƙafa ta zabura idan likita ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar gudumarsa.

A jikin mai lafiya, ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin wannan kai-komo. Idan ta sami rauni linzamin kan tsinke, sai ya zamana ɗan motsi kaɗan ya isa ya sa tsoka ta ɗaure tamau. Wato dai tsokar hannun lafiyarta ƙalau, umarni ne ke zuwa mata babu ƙaƙƙautawa.

Masanin Ingila Charles Sherrington ya riga ya nuna a 1898 cewa sandarewar gaɓar dabba kan gushe idan aka datse saiwoyin baya. Kazalika tun wajen 1889 wasu likitoci a Amurka da Ingila suka fara yanka waɗannan saiwoyi a jikin mutane, amma domin kashe raɗaɗi.

Foerster ne ya haɗa biyun. A 1908, tare da wani likitan fiɗa na Breslau, Alexander Tietze, wanda shi ke riƙe wuƙa tunda Foerster bai koyi fiɗa ba, aka buɗe ƙashin bayan majinyata aka yanke wasu daga cikin saiwoyin baya da ke kula da ƙafafu.

Ba duka yake sa a yanke ba. Yakan tsallake wasu da gangan domin kada ƙafa ta mutu murus, musamman wadda ke taimaka wa gwiwa ta tsaya a miƙe. Ya lura cewa akwai yaran da sandarewar ce ma ke riƙe su a tsaye, in aka kawar da ita baki ɗaya sai su zube.

Sakamakon ya ba likitocin zamanin mamaki. Yaran da ƙafafunsu suka harɗe kamar almakashi sun sami sassauci, wasu har suka fara takawa. A 1913 ya wallafa rahoto a kan mutane 159 da aka yi wa aikin, a hannunsa da hannun wasu likitocin, kuma fiye da rabinsu masu larurar ne tun daga haihuwa.

Sai dai aiki ne mai hatsari. Babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, kuma wasu daga cikin majinyatan sun rasa rayukansu.

Shi da kansa ya riƙa jaddada cewa fiɗar share fage ce kawai. Dole a biyo ta da watanni, wani lokaci shekaru, na atisaye da gashi, in ba haka ba gaɓar za ta koma gidan jiya. Bai yarda a yi wa wanda ba shi da halin jure wannan horo ba.

Hannu ya fi ƙafa wuya

An gwada irin wannan aiki a saiwoyin wuya, waɗanda daga cikinsu ne mafi yawan jijiyoyin da ke kula da hannu ke fitowa. Nan ne dabarar ta nuna iyakarta.

Dalili shi ne, aikin ƙafa ɗaukar nauyi ne da takawa, hannu kuwa da ji yake aiki. Mai ɗinkin hula ko mai ƙidayar kuɗi ba kallon yatsunsa yake yi ba, jin abin da ke tsakaninsu yake yi. Tun a 1895 Sherrington da Frederick Mott suka nuna cewa birin da aka datse wa dukkan saiwoyin ji na hannu guda kan daina amfani da hannun, duk da cewa jijiyoyin motsi na nan daram.

Saboda haka ana iya buɗe dunƙulallen hannu ta hanyar Foerster, amma a ƙare da hannun da bai san abin da ya riƙe ba. Ga mai neman ya ci tuwo da hannunsa, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

A daidai wannan lokaci wani likitan ƙashi na Jamus, Adolf Stoffel, ya biyo ta wata hanya. Tsakanin 1911 zuwa 1913 ya bayyana yadda za a ƙyale laka, a buɗe hannun kansa, a nemo rassan jijiyar da ke shiga tsokar da ta yi ƙarfi fiye da kima, a yanke wani kaso daga cikinsu. Tsokar za ta yi laushi, ji kuma bai taɓu ba.

Nasa aikin ma da sauran rina a kaba, domin ragowar rassan kan sake tofo, sandarewar ta dawo bayan wani lokaci. Duk da haka, a batun hannu, tarihi ya fi karkata ga hanyar Stoffel.

Yaƙi ya mayar da shi mai fiɗa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika asibitocin Jamus da sojojin da harsashi ya tsinka wa jijiyoyin hannu da ƙafa, ga kuma ƙarancin likitocin fiɗa. Foerster, wanda ya haura shekaru 40, sai ya ɗauki wuƙa da kansa.

Ya duba dubban irin waɗannan raunuka, ya yi wa ɗaruruwa aiki, yana ɗinke jijiyoyin da suka rabu. Kowane majinyaci sai ya auna inda ji ya ɓace a fatarsa, da tsokar da ta daina motsi, ya rubuta, ya kuma ɗauki hoto.

Wannan ɗabi'a ta rubuta komai ce ta haifar da abin da ɗaliban likita suka fi saninsa da shi. Da yake ya yanke saiwoyi masu yawa, ya iya tantance yankin fatar da kowace saiwa ke kula da shi. Taswirar da ya wallafa a 1933 na cikin waɗanda littattafan koyon aikin likita suka dogara da su. Idan likita a Zariya ko Kano ya tsikari babban yatsan majinyaci ya ce matsalar daga wuya take, da irin wannan taswira yake aiki.

A gefen gadon Lenin

A 1922 hukumomin Sobiyet suka gayyaci wasu likitocin Jamus su duba Lenin, wanda ke fama da ciwon kai da rashin barci, kuma har lokacin akwai harsasai a jikinsa daga harbin da aka yi masa a 1918. Foerster na cikinsu.

A watan Mayun wannan shekara jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwar Lenin. Abin ya sake aukuwa a watan Disamba, sannan a watan Maris na 1923, wanda shi ne ya raba shi da magana, ya kuma shanye masa hannu da ƙafar dama.

Foerster ya shafe mafi yawan wannan lokaci a Rasha, tsakanin Mosko da gidan hutu na Gorki. Abin lura shi ne, mutumin da ya yi suna wajen yanka jijiya bai kai wuƙa jikin majinyacinsa mafi shahara ba. Babu abin da fiɗa za ta gyara a jijiyoyin jinin da ke ci gaba da toshewa. Abin da ya rage shi ne darasin Heiden: atisayen tafiya da sanda, da ƙoƙarin rubutu da hannun hagu, da koyon kalmomi tare da matarsa Krupskaya.

Lenin ya mutu ranar 21 ga watan Janairun 1924 yana da shekaru 53, hannun daman bai dawo ba. Foerster na wurin, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton binciken gawar, wanda ya nuna mummunar toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa.

Breslau ta zama makaranta

Bayan dawowarsa gida, asibitin Wenzel-Hancke inda yake aiki ya zama wurin da matasan likitoci ke zuwa daga ƙasashe daban-daban.

Yakan yi wa masu farfaɗiya fiɗa suna farke, da allurar kashe zafi kawai. Sai ya riƙa taɓa sassan ƙwaƙwalwa da lantarki mara ƙarfi yana lura da gaɓar da ta motsa, har ya gano tabon da farfaɗiyar ke tasowa daga gare shi ya cire. Shi ne kuma a 1924 ya nuna cewa yawan jan numfashi da sauri na iya tayar da farfaɗiya, gwajin da har yanzu ake yi a ɗakin auna ƙwaƙwalwa.

Wilder Penfield ya zauna da shi na tsawon watanni a 1928, kafin ya kafa tasa cibiyar a birnin Montreal na Kanada. A 1934 aka buɗe wa Foerster cibiyar bincike da tallafin gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Tsakanin 1935 zuwa 1937 kuma, shi da Oswald Bumke suka shirya wani kundi mai juzu'i 17 kan cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa.

Daga cikin almajiransa akwai Ludwig Guttmann, Bayahude, wanda aka raba da aikinsa bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933. Ya tsere zuwa Ingila a 1939, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944, ya kuma shirya musu gasar wasanni a 1948. Daga nan ne gasar nakasassu ta duniya ta samo asali, wadda Najeriya ta sha ciyo lambobin zinare a cikinta, musamman a ɗaga nauyi.

Shi kansa Foerster bai ji daɗin wannan zamani ba. Matarsa Martha tana da jinin Yahudawa, ga kuma tarihin jinyar shugaban 'yan kwaminis, abubuwa biyu da gwamnatin Hitler ba ta kallo da idon rahama. Bai bar Jamus ba, amma tasirinsa ya yi ta raguwa.

Tarin fuka ne ya yi ajalinsa. Matarsa ta bi shi cikin 'yan kwanaki. Mako guda bayan rasuwarsa, ranar 22 ga watan Yunin 1941, sojojin Jamus suka afka wa Tarayyar Sobiyet.

Abin da ya biyo baya

An yi watsi da aikin yanka saiwa na tsawon shekaru masu yawa, saboda matsalar mutuwar ji. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne madubin fiɗa mai ƙara girman abu, da na'urorin auna motsin tsoka.

Kowace saiwa ta ƙunshi ƙananan zaruruwa. Maimakon a datse ta gaba ɗaya, Claude Gros a Montpellier ta Faransa ya fara yanka wasu zaruruwan ya bar wasu a shekarun 1960. Victor Fasano a Turin ta Italiya ya ƙara da gwada kowane zare da lantarki kafin a yanke, sannan Warwick Peacock ya kyautata tsarin a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1980. A wannan siffa ake yi wa yara aikin a yau, kuma akasari domin ƙafafu.

Domin hannu kuwa, Marc Sindou na birnin Lyon ya ɓullo a shekarun 1970 da wata 'yar tsaga da ake yi a daidai inda saiwar baya ke shiga laka, ga waɗanda hannunsu ya sandare ƙwarai kuma yake ciwo. Giorgio Brunelli a Italiya da Caroline Leclercq a Paris sun sabunta hanyar Stoffel, inda ake bin reshen jijiya har bakin tsoka a yanke mafi yawansa, a bar kaɗan. Akwai kuma allurar Botox, wadda ke sassauta tsoka na kimanin wata uku zuwa huɗu, kuma likitoci kan yi amfani da ita su ga yadda hannu zai kasance kafin su yanke shawarar fiɗa.

Wani salo na daban ya fito daga asibitin Huashan na birnin Shanghai a ƙasar Sin. A nan ana yanko jijiya ta bakwai ta wuya daga ɓangaren da ke da lafiya, a zagayo da ita a haɗa da takwararta ta ɓangaren da ya shanye, domin sashen ƙwaƙwalwa mai lafiya ya karɓi ragamar hannun.

A gwajin da Xu Wendong da abokan aikinsa suka wallafa a farkon 2018, an raba majinyata 36 gida biyu. Bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa fiɗa tare da gashi sun ƙaru da maki 17.7 a ma'aunin aikin hannu mai maki 66, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuma da maki 2.6. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma hannun bai koma kamar na mai lafiya ba, amma wasunsu sun iya kama abu su saki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ke gyara ƙwaƙwalwar da ta lalace. Idan kuma hannu ya daɗe a dunƙule har tsoka ta gajarce, gaɓa ta ƙage, yanka jijiya kaɗai ba ya buɗe shi, sai an haɗa da tsawaita igiyoyin tsoka, aikin da ya shafi likitocin ƙashi irin na asibitin Dala da ke Kano. Wannan ne ya sa masu gashi ke matsa wa iyaye da masu jinya su riƙa miƙar da yatsu da wuyan hannu kullum tun daga makonnin farko, ko da babu alamar motsi.

A Najeriya, fiɗar ƙwaƙwalwa da jijiya ta fara tsayuwa da ƙafafunta ne a 1962, sa'ilin da Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya buɗe sashenta a asibitin koyarwa na Ibadan, shekaru 21 bayan rasuwar Foerster. Daga bisani aka sami irin wannan sashe a Sakkwato, Zariya da Kano.

Breslau kuwa ta ragargaje a ƙawanyar da sojojin Sobiyet suka yi mata a 1945, daga nan aka miƙa ta ga Poland, Jamusawan da ke cikinta suka watse. Ƙungiyar likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa ta Jamus na bayar da wata lambar yabo mai ɗauke da sunan Otfrid Foerster.